Garmar Kofur Tanko

Ku da kuke taruwa a rumfar nan kuna cewa in koya muku ƙira kafin damina ta faɗi, ku jawo benci ku zauna. Na ji abin da kuke faɗi in na ba da baya: wai ƙira ai duka ce kawai, duk mai ƙarfin damtse ya iya, kuma tunda walda da injin gurza ƙarfe sun zo ba sai mutum ya sha hayaƙi ba. Ba zan yi musu da ku ba, bakina ya gaji da gardama. Labarin garma guda zan ba ku, da mutumin da na yi ta yi wa ita tun gemuna yana baƙi har ya zama haka da kuke gani. In na gama, wanda yake ganin har yanzu abin wasa ne, ga masaba nan a ƙasa, ya ɗauka.

Ni Haruna ba a nan Kontagora na buɗe ido ba. Maƙerarmu tana bakin kasuwar wani ƙauye ne a ƙasar Tungan Magajiya, ƙarƙashin wata tsamiya, kuma ta mahaifina ce. Baba ba ya barin ɗa ya taɓa masaba sai ya ƙoshi da zuga. Na ja zugazugin fatar akuya har hannuwana suka iya aikin ko ina gyangyaɗi, sannan aka ba ni awartaki in riƙe ƙarfe a kan uwar maƙera shi yana duka. A nan na koyi kallon wuta. Jan da ake lanƙwasa ƙarfe da shi daban, farin da ake haɗa ƙarfe biyu da shi daban, in kuma ka wuce farin nan kaɗan ƙarfen ya fara tartsatsi, to ka ƙona aikinka. Gawayi in ba na ƙirya ba ne Baba ko kallonsa ba ya yi. Ƙarfe kuwa muna samu daga sifirin tsofaffin motoci da faifan garmar tarakta da ya ƙare. Masu zuwa mana yawanci manoma ne, Dukawa da Kambari da Hausawa, sai Fulani masu neman gatari da adda, sai mata masu kawo wuƙa da lauje a wasa musu.

Garmar farko da na yi wa Kofur Tanko na yi ta ne ina sabon aure, ina ji da kaina, ina ganin na kusa kamo Baba. Kofur ɗan ƙabilar Dukawa ne, Kirista, daga wata tunga a bayan rafi. Ya tafi yaƙin basasa yana saurayi, bayan yaƙi ya ƙara wasu shekaru a bariki, aka sallame shi ya dawo gida da ɓarɓashin ƙarfe a kafaɗarsa ta dama wanda likitoci suka ce a bar shi nan ya fi. Dogo ne, yana tafiya kafaɗa ɗaya a sauke, da tsohuwar suwaita ta soja ko ana zafi. Hausarsa ta bariki ce da ta gida a gauraye, mace da namiji duk “shi” ne a bakinsa. Ya ce garmar huɗa yake so. Na zaɓi sifirin mafi kyau, na buɗa ruwanta ya yi faɗi, bakinta ya miƙe sar, na sa mata ƙotar marke. Duk wanda ya wuce sai ya ɗaga ta ya yaba.

Kasuwa ta zagayo, sai ga Kofur da garmar a kafaɗar hagu. Ya ajiye ta a gabana a hankali, ya ce, “Ɗan maƙeri, garma naka yana da kyau. Amma ba nawa ba ne.”

Raina ya ɓaci. Na ce, “Kofur, nuna min inda ta gaza.”

Ya ce, “Bai gaza ba. Ni ne na gaza. Ka yi wa mutum mai hannu biyu.”

Na juya wajen Baba ina jiran ya goya min baya. Bai ko ɗago daga laujen da yake yi wa haƙora ba, ya ce, “Ka taɓa ganin yana huɗa?” Na ce a'a. Ya ce, “To wa ka yi wa garmar? Gobe ka bi shi gona.”

Na je ina gunaguni, kuma a gonar nan na fara zama maƙeri. Mai huɗa yakan ɗaga garma da hannu biyu, ya sari ƙasa, ya ɗebo, ya kifa a kan kunya. Kofur hannunsa na dama ba ya wuce ƙirji. Da hagu yake ɗagawa, dama tana riƙe da gindin ƙota a wajen cikinsa, saran ya sauka a karkace, sannan ya sa gwiwa ya taimaka wajen kifawa. Garmata mai miƙaƙƙen baki da kusurwa ɗaya take shiga ƙasa, ta murɗe a hannunsa, jijjigar ta tafi kai tsaye cikin raunin. Kowane sara sai na ga ya cije haƙori. Bai tsaya ba, ya bar ni na gani da idona har rana ta take.

Da muka zauna shan kunun da matarsa Ladi ta kawo, na yi abin da kowa ke yi, na tambaye shi labarin yaƙi. Mutane kan tambaye shi ko ya kashe mutum, shi kuma sai ya tambaye su ko an yi ruwa a wajensu. Ni ma ban sami wannan amsar ba, amma na sami wata. Ya ce abin da bai fita daga idonsa ba gonaki ne. Can kudu sun ratsa gonakin rogo da na doya, ciyawa ta kai ƙirji, ba mai nomawa, masu gonar sun gudu daji, in an same su sai ka iya ƙirga haƙarƙarin yaransu. Ya ce, “A nan na yi wa Allah alkawari. In ya mai da ni gida, ba damina da zai wuce ban sa garma a ƙasa ba.” Ya shanye kununsa ya tashi. Ku riƙe maganar nan, don ita ce ta tafi da rayuwarsa gaba ɗaya, ta kuma jawo ni ciki.

Gyaran ya ci mu lokaci. Na murɗa wuyan garmar kaɗan zuwa hagu, don in saran ya zo a karkace bakin ya sami ƙasa a shimfiɗe. Na ƙara wa kusurwar hagu kauri tunda ita ke fara cin ƙasa. Ƙota kuwa tare muka shiga daji muna duban rassan marke, muna neman mai buɗaɗɗen gwafa da ɗan tsawo, don kada ya sunkuya da yawa. Na yi, ya gwada, ya dawo. Na sake, ya sake dawowa. Abin da ya fito daga ƙarshe mummunar garma ce, karkatacciya, wadda ba zan iya baje ta a kasuwa ba don kunya. Kofur ya yi sara ɗaya da ita a bayan maƙera, ya yi na biyu, ya miƙe ya sara min irin ta soja da hannun hagu. Tun daga ranar ya daina ce min ɗan maƙeri, ya koma Maƙeri.

Gonar Kofur ba ta ɓoyuwa. Kunyoyinsa a miƙe suke kamar an ja igiya, don in ya kai ƙarshen kowace sai ya tsaya ya rufe ido ɗaya ya hango ta, in ta ɗan goce ya koma. Mutane suna tsokanarsa wai dawarsa ma fareti take yi. In aka yi gayya shi ke ba da oda, kuma samari sun fi tsoronsa da mai gonar. Dawa ce abarsa, da ɗan wake a tsakani. Ba ya kawo min aiki ranar Juma'a da hantsi, ni ma ba na aika masa ranar Lahadi, ba mu taɓa zama mun tsara hakan ba. Rumbunsa bai taɓa bushewa ba, kuma in damina ta yi nisa abinci ya yanke wa maƙwabta, Ladi ce ke fita da ƙwarya a rufe.

Kowace bazara, da hadari ya fara haɗuwa a gabas, sai ya kawo garmar a yi mata ƙarin baki. Wannan aiki ne da ku ba ku so, don ba ya burge kowa. Za ka yanke bakin da ya cinye, ka tsaga, ka sa sabon ƙarfe, ka kai su fari tare, ka haɗa da duka mai sauri kafin wutar ta sauka. Amma kafin ka sa ta a wuta, ka duba inda ta ci. Garma tana gaya maka yadda mai ita ya yi damina. In bakin ya cinye sosai, ya yi aiki da ƙarfinsa. In ƙota ta yi santsi a wani sabon wuri, to hannunsa ya sauya mariƙa, wani abu na damunsa. Bayan Baba ya rasu, bayan Ladi ma ta rasu, na fara ganin cin garmar Kofur yana raguwa. Sai na riƙa rage mata faɗi da kauri kaɗan-kaɗan. Shi kuma in ya ɗaga sai ya girgiza kai ya ce, “Ƙarfen zamani ba shi da nauyi, Maƙeri. Kome ya lalace.” Ni kuma in ce, “Wallahi Kofur, ko sifirin motar yanzu kamar gwangwani.” Ya san abin da nake yi, na san ya sani, muka bar laifin a kan ƙarfe.

Zamani kuwa ya sauya mana ciniki. Shanun huɗa suka yawaita, masu hali suka koma tarakta, maganin feshi ya kashe kasuwar fartanya. Ɗan Kofur, Yakubu, ya zama direba a nan Kontagora, yana ɗaukar wake da masara, yaro mai hankali da jin ƙan ubansa. Shi ya matsa aka riƙa sa shanu a babbar gonar. Kofur ya yarda da wannan, amma gonar bayan gida ya ce ba ƙafar saniya da za ta taka ta. Wannan da hannunsa yake huɗe ta, ko za ta ɗauke shi har a gama shuka a ko'ina.

Sai shekarar da ba na son tunawa. 'Yan bindiga suka fara da satar shanu a rugage, suka koma ɗaukar mutane a gona. Kasuwarmu ta mutu a tsaye. Ba mai tambayar lauje ko sungumi, kowa sai adda da barandami, har da masu kawo bindigar toka a gyara musu kunama. Bindiga dai ban taɓa ba, amma adda na ƙera ta har na ƙi jinin ganinta. Samarin tungar su Kofur suka je suka ce ya shugabance su tunda shi ya san yaƙi. Ya dubi makamansu ɗaya bayan ɗaya, ya ce ba zai kai ɗan kowa ya mutu ba. Abin da ya koya musu shi ne yadda ake kwanciya a ƙasa, da yadda ake gane inda harbi ke fitowa, da hanyar da za a fitar da mata da yara in abin ya zo. Wasu suka ce tsufa ya sa masa tsoro. A duk bazarar nan mutum ɗaya ne ya kawo min garma ƙarin baki, kuma kun san ko wane ne.

Ya huɗa, ya shuka, dawa ta fitar da kai. Kafin ta nuna aka ƙone ƙauyen da ke ƙetaren rafi, kowa ya kama gabansa. Ni na ɗaure uwar maƙera da masaba da awartaki a buhu, na bar tsamiyar Baba. Yakubu ya zo da motarsa ya ɗauki ubansa kusan da ƙarfi. An ce har Kontagora garmar tana kan cinyar Kofur, dawar kuma aka bar wa tsuntsaye.

Rumfar nan da kuke zaune ita na samu. Aikin gari daban ne: wuƙar mahauta, murhun gawayi, sakatar ƙofa, ƙusar da masu walda suka raina. Kofur yana ɗaki a gidan Yakubu, ana ba shi abinci a kan lokaci, jikoki na hawa jikinsa, ba abin da ya rasa. Kullum da safe sai ya zo nan da kaya a goge, ya zauna a ƙarshen bencin can, ya yi ta kallon wuta. Daminar farko Yakubu ya aro masa wani fili a bayan kangon wani mutum. Ƙasar duk tsakuwa ce da fasassun bulo. Kofur ya huɗe ta don alkawarinsa, awakin unguwa suka cinye abin da ya tsiro, da rani mai wurin ya kafa harsashin gini a kai. Na ga mutumin nan yana raguwa a kan bencin. Suwaitar ta yi masa yawa, in ya yi magana mai tsawo sai ya tsaya ya nemi numfashi.

Da bazara ta sake zagayowa aka fara jin cewa wasu sun koma tunga, wai abin ya ɗan lafa. Wata safiya Kofur ya zo da garmar a naɗe a buhu. Ta yi tsatsa, tsakuwar gari ta ɓantare bakinta, ƙotar ta tsage. Ya ce, “Maƙeri, ka tashe shi. Zan tafi gida.”

Da la'asar sai ga Yakubu. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, “Kawu, alfarma na zo nema. Kada ka gyara garmar nan.”

Na ce, “Yakubu, ka san abin da kake roƙo?”

Ya ce, “Na sani. Likita ya ce zuciyarsa ta gaji, ko guga kada ya ɗaga. Can ba asibiti, waya ba ta shiga, mutanen nan kuma har yanzu suna ratsawa. Ni ba zan iya ɗaure shi ba, ubana ne. Amma ba zai iya aiki da garmar kowa ba sai taka. In babu ita, ko ya tafi zai dawo.”

Ba ƙarya a maganarsa ko ɗaya, kuma na tausaya masa. Na ce zan ja lokaci har shuka ta wuce.

Jan lokaci da tsohon soja wahala ce. Na ce masa ba gawayin ƙirya a gari. Ya tafi, sai ga shi a bayan ɗan acaɓa da buhun gawayi a tsakaninsu, ban san inda ya samo ba. Na ce ba ƙarfe mai kyau. Ya zagaya wajen masu gwangwan ya dawo da guntun sifirin a hammata. Na ce bayana ke ciwo. Ya dube ni, ya ce, “Allah ya ba ka sauƙi,” ya tashi. Washegari bai zo ba, jibi ma haka. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba a sana'ar nan.

Na bi shi gidan Yakubu. Na same shi a bayan gida da sabuwar garma irin ta kasuwa, wadda ake yanka faranti a liƙa da walda, yana gwada sara a busasshiyar ƙasa. Kowane sara garmar ta murɗe, shi kuma ya cije haƙori. Kafaɗar ta kumbura har ana gani ta cikin riga. Da ya gan ni bai ɓoye ta ba.

Na ce, “Baba Kofur, wannan za ta karya ka.”

Ya ce, “Na sani. Yaron ya je wurinka, ko?” Na gyaɗa kai. Ya ce, “Yaron kirki ne. Yana so in daɗe. Ni ma ba na gaggawa, Maƙeri. Amma ruwa ya kusa, kuma ni na yi magana da Allah tun ba a haife shi ba. In ka yi min, zan tafi da nawa. In ba ka yi ba, zan tafi da wannan.”

Ku da kuke cewa ƙira duka ce, ku gaya min abin da za ku doka a nan. In na bar shi da garmar kasuwa, zai je ya yi kwana kaɗan, kafaɗa ta hana shi, a dawo da shi ɗaki ya ƙarasa kwanansa a kan katifa, alkawarinsa a karye. In na yi masa tawa, zai iya aikin, kuma aikin ne likita ya ce zai kashe shi. Na kwana da abin, na tashi da shi. Da safe na aika aka kira Yakubu, don ban yarda in yi a bayan idonsa ba. Na ce masa, “Na ɗaukar maka magana, yau na zo in mayar maka da ita. Zan yi garmar.” Ya ce, “Kawu, ka san abin da zai biyo baya.” Na ce na sani. Ya miƙe ya kaɗe gwiwar wandonsa ya tafi, bai yi min sallama ba.

Garmar ƙarshe ban yi mata ƙarin baki ba, sabuwa na ƙera daga sifirin da ya kawo, da gawayin da ya kawo. Na buɗa ƙarfen na yi ta bi da masaba ƙarama har ya yi sirantar da ban taɓa kai garma ba, na bar ƙashi a tsakiya don kada ta lanƙwashe. Faɗinta bai fi na fartanya babba ba. Na murɗa wuyan fiye da na da, don kafaɗar ta ƙara sauka. Marke ya yi masa nauyi yanzu, sai na nemi reshe mai sauƙi, na fere shi, na ƙona wurin riƙo kaɗan don kada ya zame in hannu ya yi gumi. Kofur yana kan benci tun daga hura wuta har na tsoma ta a ruwa. Ya karɓa, ya jinjina, ya fita nan bakin kwata inda ƙasa ke da laushi ya yi sara. Ta shiga a shimfiɗe, ta ɗebo, ta kifa. Wannan karon bai ce komai a kan ƙarfen zamani ba. Ya naɗe ta a buhu ya ce, “Sai bazara, Maƙeri.”

Ruwan farko na sauka ya bi motar masu komawa. Yakubu da kansa ya kai shi tasha, ya cika masa jaka da magani. Labari yana zuwa jefi-jefi ta bakin direbobi: Kofur ya gyara rufin ɗakinsa, Kofur ya fara huɗa, yana yin kaɗan da sassafe ya huta, ya gama gonar bayan gida, ya shuka, dawa ta tsiro. Wani ya ce min har ya koma ba samari oda. Na fara cewa a raina ko likita ya yi kuskure.

Dawa ta kai gwiwa lokacin da saƙon ya zo. Matar maƙwabcinsa ce ta kai masa kunu da hantsi, ta same shi zaune a gindin ɗorawar bakin gona, ya jingina, ya cire takalmansa ya ajiye su a jere, garmar tana gefensa da ɗanyar ƙasa a bakinta. Ta yi ta magana tana zuba kunu kafin ta lura. Ba harbi, ba kowa, zuciyar ce ta tsaya. A can aka binne shi kusa da Ladi, 'yan cocinsu da Musulmin tungar duk suka taru. Ni ban samu zuwa ba, hanya ta sake lalacewa a makon. Na je gaisuwa gidan Yakubu, ya ba ni hannu yana kallon wani wuri.

Daga nan ya ɗauke min ƙafa. Motarsa takan bi ta gaban rumfar nan, da can sai ya danna ham ya ɗaga hannu, yanzu sai in ga ƙurarta kawai. Ban ga laifinsa ba, ban kuma je ba shi haƙuri ba, don ban san a kan me zan ba shi ba. In na ce na yi kuskure na yi ƙarya, in na ce na yi daidai ban isa in faɗa wa maraya haka ba. Na ci gaba da wuƙaƙen mahauta.

Da kaka, wata ranar kasuwa, motar ta tsaya. Yakubu ya fito duk ya yi baƙi, hannuwansa da kaushin kara. Ashe shi ya je ya ƙarasa noman, shi ya girbe. Ya buɗe baya ya sauko da ƙullin buhu, ya ajiye a nan inda kake zaune, kai mai jar hula. Ya kwance bakin, jar dawa ce, tsabarta manya. Bai durƙusa ba, bai zauna ba.

Ya ce, “Ta Baba ce, ta gonar bayan gida. Na raba wa waɗanda ya kamata su ci.”

Na ce, “Yakubu, ni ina cikinsu?”

Ya ce, “Kai ka tura shi, Kawu. Sai ka ci.”

Ya koma motarsa. Na kai dawar gida aka surfe, aka niƙa, aka tuƙa tuwo da miyar kuka. Na wanke hannu na zauna, na yi loma ɗaya, na janye hannu. Na sha ruwa, na yi bisimilla na sake, na cinye malmalar duka.